Ƙafafun Gidan Mis Vernetta

Shekara ashirin da shida ke nan ina haya a gidan Mis Vernetta Pruitt, a hawa na biyu, sashen da tagarsa ke kallon titi. Ni da ita mun yi faɗa ya fi a ƙirga, kan kwandon shara, kan hayaniyar jikokina, kan famfon da takan ce ni na lalata. Don haka in na ba da labarinta kada wani ya ce daɗin baki nake yi wa mai gidan haya. Mace ce mai taurin kai. Sai dai taurin kan nata ne ya sa har yau nake zaune a Oakland, ban bi 'yan'uwana da tsadar haya ta kora can bayan duwatsu ba.

A Louisiana aka haife ta, aka taho da ita tana goye lokacin da mahaifinta ya zo aikin ƙera jiragen ruwa. Mutumin nan har ya mutu haya yake yi. Ya tara kuɗi, ya je banki sau uku, kowane zuwa sai a dubi fatarsa a ce unguwarsu ba ta cikin wuraren da ake ba da rance. Vernetta ta tashi da abin a ranta. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tuƙa bas ɗin birni, tun zamanin da fasinja zai leƙo ya ga mace a sitiyari ya ce shi zai jira ta gaba. Takan ce masa, "Jira abinka, ɗan'uwa. Ta gaban ma ni ce, in na zagayo."

Girgizar ƙasa ta shekarar tamanin da tara a kan hanya ta same ta, wajen ƙarfe biyar na yamma. Da farko ta ɗauka taya ce ta fashe, sai ta ga turakun lantarki suna rawa. Ta sauke fasinjoji, ta kulle mota, ta nufi inda mutane ke gudu. Wata babbar gadar motoci mai hawa biyu ce ta rufta, na sama ya danne na ƙasa da motoci a tsakani. 'Yan unguwa suka fito da tsani, kowa da na gidansa. Ita ce ta riƙe wa mijinta Hollis tsani yana hawa yana sauko da waɗanda ke da sauran numfashi. Ba ta cika son maganar ba. In an matsa mata, sai ta ce, "Na ga abin da ginshiƙi ke yi in ya gaji," ta canza zance.

Bayan shekara biyar ita da Hollis suka sayi gidan nan. Sashe shida ne, biyu a kowane hawa, ƙasan kuma gareji ne a buɗe, da siraran ginshiƙan katako riƙe da mu duka. Hollis makanike ne, shi ke gyara komai. Da ya rasu ya bar mata gidan, da ɗansu Cleon, da wata doguwar mota koriya ƙirar saba'in da biyu wadda ya yi shekara goma yana haɗawa da hannunsa. Kowace Lahadi in ta dawo coci sai ta yaye mata lulluɓi, ta tayar da injin na minti goma, ta kashe, ta mayar da lulluɓin.

Tana da shekara saba'in da shida wasiƙar hukumar birni ta iso. An ce gidanta na cikin jerin gidajen da ƙasansu ba shi da ƙwari, in babbar girgiza ta zo garejin zai durƙusa, benayen su zauna a kansa. An ba ta wa'adi ta ƙarfafa shi. Ta kira wata injiniya, matar ta yi wuni tana ƙwanƙwasa bango tana aune-aune, ta ce sai an kafa firam biyu na ƙarfe, a haƙa sabon harsashi a zuba kankare. Ɗan kwangilar da ya fi sauƙi ya ce dala dubu ɗari da sittin.

Na same ta a matattakala da takardar a cinya. Na ce, "Mis Vernetta, ko dai mutanen nan sun fiye tsoro? Gidan nan ya ga tamanin da tara bai faɗi ba."

Ta ce, "Chela, ke ma kin ga tamanin da tara. Ya gwiwoyinki yanzu?"

Ba ta taɓa musun gyaran ba, ko sau ɗaya. Kuɗin ne babu. Ta je bankuna biyu, kowanne ya duba shekarunta da fanshonta da 'yar hayar da take karɓa, wadda ba ta kai rabin ta maƙwabta ba, ya ba ta haƙuri cikin ladabi.

Jerin gidajen kuwa ba a ɓoye yake ba, kowa na iya gani. Ba a yi wata guda ba wasiƙu suka fara zuwa daga masu son saye. Wani Mista Dellinger bai tsaya ga wasiƙa ba, ya zo da kansa, matashi mai farin haƙora, da kwalin kek a hannu. Ina ban ruwan fulawa a baranda, duk na ji.

Ya ce, "Vernetta, na zo in ɗauke miki nauyi ne."

Ta ce, "Misis Pruitt."

"Misis Pruitt, yi haƙuri. Gidan nan ya fi ƙarfinki yanzu. Za mu saya yadda yake, kuɗi hannu, ba sai kin taɓa ko ƙusa ɗaya ba."

"Mutanen da ke ciki fa?"

"Za mu yi musu duk abin da doka ta ce."

"Na san abin da doka ta ce. Na ga gidan da kuka saya a kwanar layin nan. Ina matar da ke sayar da furanni? Ina mai gadin makaranta da 'ya'yansa huɗu?"

Ya yi murmushi ya ce kasuwa ce ta canza. Ta ce masa ita ba ta canza ba, kuma ya ɗauki kek ɗinsa, likita ya hana ta zaƙi. Ƙarya take, don da yamman nan ta cinye rabin wanda na gasa.

Dellinger ya nemo lambar Cleon. Ranar Lahadi sai ga shi daga Sacramento, da takardar tayin a aljihu. Mis Vernetta ta dafa miyar kuɓewa da ƙaguwa irin ta garinsu, ta kira ni, wai in zo in ci. Na san sheda take nema.

Cleon mutumin kirki ne, ya haura hamsin, yana aiki a ofishin inshora. Ya bari sai da aka ci rabi sannan ya ce, "Mama, kin ga adadin kuwa? Ki sayar ki dawo kusa da mu. Ga gida ƙasa-ƙasa, ba matattakala, ga jikokinki."

"In zauna in riƙa kallon ciyawa tana tsiro?"

"Mama, ba wasa nake ba. Ba ki da kuɗin nan. In wa'adi ya wuce tara za su fara ci."

"Na iya karatu, Cleon."

"To me kike jira? Mutanen nan ba danginki ba ne. Yi haƙuri, Anti Chela."

Na ce ba komai, na ci gaba da fasa ƙaguwa.

Ta ajiye cokali. Ta ce, "Cleon Pruitt, kakanka ya mutu yana biyan wani mutum haya a ɗakin da ruwa ke zuba. Ni na tuƙa mota har bayana ya lanƙwashe kafin a rubuta sunanmu a kan fili a garin nan. Yanzu don an aiko min takarda guda sai in miƙa wa yaro mai kek? Ci abincinka."

Ya tafi ransa a ɓace. Sun yi wata biyu ba sa magana sai gaisuwa.

Hukumar birni ta kira taron masu gidaje a ɗakin karatu na unguwa. Ta ja ni muka je, wai kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. A can wata ma'aikaciya ta yi bayanin wata hanya. Za a biya ɗan kwangila kuɗin aikin gaba ɗaya, sannan a raba bashin a ɗora kan takardar harajin gida, a riƙa biya sau biyu a shekara har shekara ashirin. Ba a duba shekarun mutum, gidan ake dubawa. Bashin na kan gidan, in an sayar ya bi mai saye, in an gada ya bi magaji.

Mis Vernetta ta ɗaga hannu. "In shekara ta zo ban biya ba fa?"

Matar ba ta ɓoye ba. Ta ce daidai yake da ƙin biyan haraji, in abin ya yi nisa ana iya yin gwanjon gidan. Kuma kuɗin ruwan ya fi na banki.

Wani dattijo a bayanmu ya ce, "'Yar'uwa, shekara ashirin fa. Za ki kai casa'in da shida."

Ta waiwaya ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne za ka hana?"

Aka bushe da dariya. Ta karɓi takardun, shafi arba'in da wani abu, ta yi mako guda tana karantawa da gilashin ƙara girma, tana ja wa layi da jan biro. Ta koma wurin matar nan sau uku da tambayoyi. Ta ce min, "Ba kyauta ba ce, Chela. Igiya ce. Amma igiyar da na ga tsawonta."

Sai aka ci karo da wani abu. Shekaru baya ta ci ɗan bashi a wani banki ta sake rufin gidan, saura dala dubu talatin da ɗaya. Tsarin ya ce dole bankin ya sa hannu ya yarda, tunda in an yi gwanjon gidan haraji za a fara biya kafin shi. Ta kai musu takarda. Suka ce mako biyu. Bayan mako biyu suka ce tana babban ofishi. Bayan wata biyu wani yaro mai taye ya kira ta gefe ya ce ba su cika yarda da irin wannan ba, ya kuma ba ta shawara, a matsayinsa na mai son ta da alheri, ta duba batun sayarwa.

Ta ce, "Nawa ne in rabu da ku gaba ɗaya?"

Ya duba ya faɗa mata. Ta sa ya rubuta a takarda ya sa hannu.

Lahadin da ta biyo baya na ji injin motar Hollis ya tashi kamar kullum, amma minti goma ya wuce bai mutu ba. Na leƙa. Tana zaune a ciki da hular cocinta, hannu biyu a sitiyari, tana kallon bango. Ta fi rabin sa'a a haka. Da ta fito ta ce min, ba tare da ta dube ni ba, "Ai dama sai an kwashe garejin kafin a fara aiki."

Wani mai tara tsofaffin motoci ya zo daga San Jose. Ya taya dubu ashirin da biyar, ta ce ya rufe mata ƙofa in zai fita. Ya dawo da talatin. Ta ce talatin da huɗu, kuma ita za ta tuƙa masa ita zuwa bakin titi. Haka aka yi. Ta fito da motar nan a hankali, ta ajiye ta daidai gefen hanya kamar an auna, ta miƙa makulli, ta hau sama ta rufe ƙofa. Ranar ba ta amsa sallamar kowa ba. Washegari da safe ta sa kayanta na zuwa coci ta hau bas zuwa banki, ta biya su duka. Ta ce da yaron mai taye ya buga mata takardar shedar sun rabu, kwafi uku, ta tsaya a kansa har ya gama.

Da Cleon ya ji, ya kira ta yana kuka. Ya ce motar Babansa ce, da ta tambaye shi. Ta ce, "Da na tambaye ka da ka ce in sayar da gidan in bar motar. Babanka ya san wanne ya fi wahalar samu." Duk da haka maganar ta dame ta. Na ga ta aika masa da akwatin kayan aikin Hollis, wanda da ko taɓawa ba ta bari a yi.

Kafin a fara aiki ta tara mu 'yan haya a tsakar gida. Ta ce doka ta yarda ta ɗora mana kaso mai yawa na kuɗin, ta faɗi abin da zai kama kowane sashe a wata. Sannan ta ce ba za ta yi haka ba, amma kowa zai ƙara dala sittin, kuma ba ta son jin ƙorafi.

Ni na fara ƙorafin. Na ce, "Sittin? Gidanki ne fa za a gyara, ba nawa ba."

"Gadonki a ina yake, Chela? A sama da garejin ko a gidan gwamna?"

Mista Quach na hawa na ɗaya, tsohon tela wanda bai cika magana ba, ya ɗaga hannu ya ce shi zai ba da ɗari. Ta ce sittin ta ce. Ya ce shi ne a ƙasa, shi zai fara mutuwa, don haka shi ya fi kowa cin riba. Suka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a tamanin. Tun daga ranar take kiransa attajiri.

Aiki ya kankama cikin bazara. Ɗan kwangilar, Rigo, ɗan garinmu ne daga can ƙasar da na baro, ya iya aiki amma yana da gidaje huɗu a hannu lokaci guda, kullum cikin sauri yake. Mis Vernetta ta sauko da kujerar roba ta kafa a bakin gareji, da zanen injiniya a cinya. Ma'aikata suka sa mata suna shugaba. Takan ba su shayi mai sanyi da rana, ta kuma ƙirga ƙusoshin da suka buga.

Ranar wata Alhamis aka gama ɗaura rodi a ramin harsashi. Mai duba gini na hukuma ya kamata ya zo ya gani kafin a zuba kankare, sai ya aiko cewa sai Litinin. Amma Rigo ya riga ya yi odar motar kankare, ga ta ta iso tana juya ciki a bakin titi.

Ya ce, "Mamita, na ɗauki hoto, zan nuna masa. Haka ake yi."

Ta ce, "Zanen ya ce tazarar inci takwas. Na auna, can ƙurya sha biyu ne."

"Ƙurya ɗaya ce! Motar nan in ta koma, ni zan yi asarar kuɗinta."

"Kai ka kira ta."

Ya juya ya yi wa direba alama ya matso. Ban san lokacin da ta miƙe ba. Sai ganinta na yi ta dafa kafaɗar wani ma'aikaci, ta sauka cikin ramin da takalmanta na zaman gida, ta tsaya a tsakiyar rodin, ramin ya kai mata ƙugu.

Ta ce, "To zuba. Shekara ashirin zan yi ina biyan ramin nan, gara in san abin da ke ciki."

Rigo ya dafe kai ya dube ni. "Doña Chela, ki yi mata magana mana!"

Na ce, "Ni? Shekara nawa ina mata magana kan famfo."

Direban kankare ya yi dariya har da dukan ƙofa, ya ja motarsa ya tafi. Rigo ya yi zage-zage da harshenmu, wanda na ƙi fassara mata ko da ta nema. Sai da mutum biyu suka ciro ta, don saukar ta fi hawan sauƙi. Ranar Juma'a aka kwance ƙuryar aka sake ɗaurawa, Litinin mai duba gini ya zo ya sa hannu, Talata aka zuba. Da aka gama aikin duka, Rigo ya kawo mata kwalbar giya ya ce bai taɓa aiki da mutum mai wahalarwa kamarta ba, kuma in uwarsa za ta gyara gida yana so a ɗauke ta haya ta zauna a bakin ƙofa.

Takardar haraji ta farko da ta zo da sabon adadi, ta daɗe tana kallonta. Ya kusa ninka na da. Ta daina kunna na'urar ɗumama ɗaki sai sanyi ya yi tsanani, ta ba wata ɗalibar koyon jinya hayar ɗakin da Cleon ke sauka in ya zo. A shekara ta uku tukunyar ruwan zafi ta gidan ta mutu daf da lokacin biya, abin ya cushe. Ba ta gaya wa kowa ba, Mista Quach ne ya lura ta daina sayen nama, ya kira Cleon. Cleon ya zo ya cike gibin. Ta karɓa da sharaɗin rance ne, ta kuma biya shi cikin wata biyar duk da ya ce ba ya so. Tun daga nan yake zuwa kowane wata, ya hau rufi, ya duba famfuna. Har yanzu yana cewa da ta sayar da ta huta, ita kuma tana cewa ya riƙe tsani da kyau.

Cikin gidaje bakwai na layinmu da aka aika wa wasiƙar, huɗu an sayar. An yi musu fenti toka-toka, fuskokin da ke leƙowa ta taga duk sababbi ne. Ta bi masu gidajen ɗaya bayan ɗaya da jakar takardunta tana nuna musu yadda ta yi. Wasu suka saurara, wasu suka ce ba za su iya kwana da irin wannan nauyi ba, kuma ba ta zarge su ba. Wata bazawara a ƙarshen layi, Misis Abellera, ta bi hanyarta, yanzu su biyun ke zuwa biyan haraji tare, da ƙafarsu, don Mis Vernetta ba ta yarda da biya ta waya ba.

A watan jiya ta cika tamanin da ɗaya. Gwiwarta ta hagu ta ƙi, likita ya ce ta rage hawa bene. Mista Quach ya ce su yi musanya, ita ta dawo hawa na ɗaya shi ya koma na uku. Muna zaune a tsakar gida ana yanka kek ya kawo maganar, Cleon na goya masa baya.

Ta ce, "Attajiri, shekarunka nawa?"

"Tamanin da huɗu."

"To ka ji. So kake in hau in sauko da gawarka?"

Ta miƙa min faranti ta ce in kai wa Misis Abellera nata tun bai bushe ba, sannan in na dawo in kwashe kwalayen da jikokina suka bari a matattakala, ko ta zubar da su da kanta.